Shekarar Farko ta Yaro a Makaranta: Daga Allo Zuwa Aji Ɗaya a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Duk wanda ya yi karatu a ƙasar nan tamu, in ka tambaye shi wa ya koyar da shi, sai ya ambaci malamin da ya ba shi Iziyya ko Risala a zaure, ko kuwa wanda ya koya masa lissafi a sakandare. Da wuya ka ji wanda zai fara da mutumin da ya kama ɗan yatsansa ya ɗora a kan baƙi na farko. Ni ma haka nake, har sai da na ajiye aikin gwamnati na dawo gida. Wata rana muna zaune a ƙofar gida da jikana, yaro mai wayo wanda yake aji uku a firamare, sai na nuna masa wani buhu da aka rubuta "shinkafa" a jikinsa da manyan baƙaƙe, na ce ya karanta mini. Ya dubi buhun, ya dube ni, ya ce, "Kaka, ba a kawo mu nan ba." Shekara biyu da rabi yana sammako da jaka a baya, ya haddace waƙoƙin Turanci har da tafi, amma bai san cewa baƙi da wasali in sun haɗu suna ba da sauti ba.

Wannan ne ya sa na koma baya ina tambayar kaina da kuma dattawan da suka girme ni: da can yaya ake yi da yaro a shekararsa ta farko? Abin da na tattara shi ne na kawo a nan, domin malaman makaranta musamman, waɗanda nauyin yake wuyansu yanzu.

Kafin zuwan boko

Karantar da yara ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Bayan jihadin da aka fara a 1804, Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, wanda malami ne kuma mawallafin waƙoƙi, shi ya zauna a Tambuwal ya riƙe ta a matsayin ribaɗi, kuma gidansa ne ke riƙe da sarautar Tambuwal da ta Dogon Daji. Shi kansa Shehu a wurin mahaifinsa ya yi karatun Alƙur'ani, kuma a littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da suke karantar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta tsara 'Yan Taru, inda jajoji suke kai karatu ga matan ƙauyuka. Ke nan a gidaje da yawa uwa ko kaka ce take fara biya wa yaro Fatiha tun kafin a kai shi gaban malam. Lokacin da Turawa suka yi ƙiyasi wajen 1914, sun sami makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa, da almajirai fiye da 200,000.

Abin da ya fi jan hankalina a makarantar allo shi ne yadda aka jera matakan shekarar farko. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar in an kawo shi, ba a ba shi alƙalami, ba a ma nuna masa baƙi. Zama yake yi kusa da wani babban almajiri, ana biya masa yana maimaitawa: Fatiha, sannan ƙananan surori daga ƙasa, har wajen surar Giwa. Wannan yakan ɗauki watanni, kuma a cikinsu ba surori kaɗai yake koyo ba. Yana koyon zama wuri ɗaya, da rabuwa da uwa tun hantsi, da jiran a zo kansa, da sauraron murya ɗaya a cikin hayaniyar yara talatin. Wanda bai taɓa riƙe aji ɗaya ba zai ɗauka waɗannan ƙananan abubuwa ne. Su ne rabin aikin.

Sai kunne ya kama sannan a koma ga ido. A rubuta masa babbaƙu a allo da tawadar zuge, wato baƙaƙe tsirara ba wasali, kuma na surorin nan da ya riga ya haddace ne, don haka ba a haɗa masa sabon sauti da sabuwar siffa a lokaci guda. A nan ne magabata suka yi wata hikima da har yau nake jinjina mata. Harafin Larabci yana sauya kama gwargwadon inda ya faɗo a kalma, farko ko tsakiya ko ƙarshe, abin da ke rikita yaro ƙwarai. Sai suka raɗa wa kowace siffa suna da Hausa daga abin da yaron ya saba gani. Ain da ke farkon kalma, mai buɗaɗɗen baki, aka ce ain baki wofi. Wadda ke tsakiya kuwa, da yake ta yi kama da abin da mahayi ke sa ƙafa, aka ce ain likkafa. Ga ha kuri, ga mim jaye, ga ba guje, ga ha ƙarami koma baya. Yaron da ya tashi yana ganin dokin hakimi a ƙofar fada ba ya mance likkafa. Bayan babbaƙu sai farfaru, wato a sa wasulla, yaro ya riƙa haɗa baƙi da wasalinsa gaba-gaba. Daga nan ya shiga haɗɗatu, ya fara karanta kalma ɗungurungum. Hannu shi ne na ƙarshe: sai can gaba ake bari ya riƙe alƙalamin kara ya bi sawun rubutun malam.

Wani abu kuma, ba a wanke wa yaro allo sai ya iya abin da ke kai. Yara goma da aka kawo rana ɗaya, bayan wata shida kowa da inda yake, kuma ba wanda aka ce ya faɗi. Malamanmu sun san littafin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda a cikinsa aka so a fara darasi ranar Laraba, aka kuma ce mai farawa a ba shi gwargwadon abin da zai iya riƙewa in an maimaita masa sau biyu, a riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan. In yaro ya kai wata sura sananniya, kamar Sabbi, a gida a yi sadakar tuwo ko waina a kai makaranta, yaro ya ga cewa ci gabansa abu ne da ya shafi gidansu duka. Kuɗin Laraba da uwa ke ɗaure wa yaro a bakin riga shi ma wata igiya ce tsakanin gida da malam.

Ba zan ɓoye aibin ba. Akwai dorina, kuma wasu gardawa sun wuce da ita gona da iri. Abin mamaki shi ne littattafan da malaman suke girmamawa ba su goyi bayan haka ba. Ibn Sahnun na Ƙairawan, Bamalike, a littafinsa na ladubban masu koyarwa, ya taƙaita dukan yaro a kan karatu ga bulala uku sai in da izinin uba. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya keɓe fasali a Muƙaddima yana bayanin cewa tsanani yana cutar da ɗalibi, yana koya masa ƙarya da kasala. Aibi na biyu, yaro yana karanta harshen da ba ya ji, saboda haka ya iya furtawa amma ma'ana sai in ya zarce zuwa karatun sani, kuma ba kowa ke zarcewa ba.

Elementare

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Ba da daɗewa ba Razdan Burdon ya buɗe wata 'yar makaranta a cikin gari domin 'ya'yan sarakuna, sannan a 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe tasa a Nasarawa ta Kano, inda aka horar da malaman farko da suka bazu cikin larduna. Boko ya ɗauki lokaci kafin ya iso gundumomin kudancin Sakkwato. Abin da tarihin manyanmu ya tabbatar shi ne a 1931 akwai elementare a Dogon Daji, domin a shekarar ce marigayi Ibrahim Dasuƙi, wanda aka haifa a garin a 1923, ya shige ta. Shi ne ya zama Sarkin Musulmi daga 1988 zuwa 1996. A wannan shekara ta 1931 kuma marigayi Shehu Shagari ya shiga elementare ta Yabo. Dukansu biyu daga nan Midil ta Sakkwato suka wuce, sannan Kwalejin Kaduna. Mai karatu ya lura da shekarunsu: ɗaya yana da takwas, ɗaya shida, kuma kowannensu ya riga ya zauna gaban allo kafin ya ga farin alli.

Yadda ake samun yaran kuwa, dattawa sun sha ba ni labari. Takarda ce ke zuwa daga En'e ga hakimi cewa ana son yara kaza, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya raba wa masu unguwanni. Uwaye mata su ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko a tura su ƙauye wurin dangi, wasu masu hali su ba da ɗan bara a madadin nasu. Tsoron shi ne yaro zai bar salla ya bar noma. Hakiman da suka fara ba da 'ya'yan cikinsu su ne suka karya wannan tsoro, kuma jikokinsu sun ci amfanin haka.

Elementare shekara huɗu ce, kuma da Hausa ake koyar da kome. Turanci sai a Midil. Malaman farko su kansu almajiran allo ne kafin su zama malaman boko, don haka da dabarun allo suka shiga aji. Ana fara rubutu a ƙasa: a share fili a inuwa, kowane yaro ya baje rairayi a gabansa ya zana da yatsa, in ya ɓata ya shafe. Sai hannu ya faɗa sannan a ba shi ƙaramin allon dutse, fensir da takarda kuwa sai an ga ya cancanta. Karatu da gaɓa ake farawa, ba, be, bi, bo, bu, wato farfaru ke nan aka sauya wa riga. Wannan hanya ta dace da Hausa ƙwarai, domin yawancin kalmominmu baƙi da wasali ne ke bin juna, kuma kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne duk inda ya zo. Yaron da ya riƙe gaɓoɓi, a cikin 'yan watanni sai ka ji yana haɗa "ba" da "ki" da kansa ya ce baki, yana dariya kamar wanda ya tsinci kuɗi. Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta samar da littattafan da za a hau kamar tsani: Ka Koyi Karatu, Ka Ƙara Karatu, Ka Yi Ta Karatu, har a kai ga Magana Jari Ce ta Abubakar Imam da ta fara fitowa a 1937. A wannan zamani ne kuma aka tsayar da baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Daga 1939 ga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, sai ya zama ɗan aji huɗu yana karanta wa dattawa labarin yaƙi a ƙofar fada. Wannan ya fi kowace takardar En'e jawo wa makaranta mutunci.

Shekarata ta farko

Ni a farkon 1966 aka sa ni aji ɗaya, bayan ƙaramar salla, kwanaki kaɗan da kashe Sardauna. A lokacin a watan Janairu shekarar makaranta take farawa, cikin tsananin hunturu. Na tuna manya suna magana ƙasa-ƙasa a zaure, na tuna kuma kaushin ƙafata da sanyin daɓen aji. Ba mu da takardar haihuwa, saboda haka hedimasta ya jera mu ya ce kowa ya ɗora hannun dama ta saman kai ya kama kunnen hagu. Wanda hannunsa ya kai an ɗauke shi, wanda bai kai ba a ce ya dawo baɗi. Mutane suna yi wa wannan gwaji dariya yanzu, amma yana da tushe: kan ƙaramin yaro babba ne in an gwada da tsawon hannunsa, kuma sai wajen shekara biyar zuwa shida hannun yake kai wa. Wasu malaman kuma baki suke dubawa, in yaro ya fara famfara sun san ya isa. Shekarun nan dai su ne waɗanda shari'a ta ce a fara umurtar yaro da salla, wato bakwai, kuma malaman da suka yi kwalejin horo za su tuna Jean Piaget na ƙasar Suwizalan ya sa wani babban sauyin tunanin yaro a daidai wannan lokaci.

Mu wajen talatin ne a ajin, 'yan mata ba su fi biyar ba. Abu na farko da ya same ni shi ne na fara rubutu daga dama, kamar yadda na saba gani a allo, har sunana na juya shi baya. Malaminmu, Allah Ya jiƙansa, bai doke ni ba. Ya ɗauko tsakuwa ya ajiye a gefen hagu na rairayina ya ce, "Kullum daga wurin dutsen nan za ka tashi." Kwana uku na daina. B da d kuwa sun wahalar da mu har damina, kuma yanzu na san wannan ba daƙiƙanci ba ne. Yaro ya saba cewa ƙwarya ƙwarya ce ko ta fuskanci gabas ko yamma. A rubutu ne kaɗai juya abu yake sauya masa suna, kuma sai ido ya ɗauki lokaci kafin ya yarda da haka.

Lissafi da 'ya'yan tsamiya da karare muka fara shi. Kowa da 'yar jakarsa, a ɗaure kara goma da zare a ce wannan goma ɗaya ce. Mu da muke sayo wa iyayenmu mata gishiri da daddawa mun riga mun san taro da sisi da sule, mun san sisi biyu sule ne, malam bai yi kome ba sai ɗora alama a kan abin da muka sani. 'Yan matan da ke talla sun fi mu saurin lissafin ka nesa ba kusa ba, sai dai ranar kasuwa ba a ganinsu, kuma kafin mu kai aji huɗu saura biyu.

Akwai wani abu da ya dame ni a shekarar wanda ban gane shi ba sai da na girma. Littafin da ke hannunmu da daidaitacciyar Hausa aka rubuta shi, wadda ta fi kusa da ta Kano, mu kuwa Sakkwatanci muka sha a nono. Littafi ya ce "ya tafi", bakina ya ce "yat tahi". Littafi ya ce biyar, mu biyat muka sani. Ya ce fari, mu hwari. Ya ce wannan, mu wanga. Wani malami da ya karɓe mu na ɗan lokaci yakan ɗauki wannan a matsayin kuskuren karatu ya yi ta ranƙwashi. Alhali yaron da ya ga "tafi" ya ce "tahi" ya karanta ke nan, har ma ya fahimta, tun da ya mayar da kalmar cikin harshen gidansu. Wanda ya kamata a damu da shi shi ne mai furta kalmar daidai bai san abin da take nufi ba. Daɗin daɗawa, rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti: gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka kuka ta miya da kuka na hawaye. Yaro ba zai raba su ba sai da ma'anar jimla, shi ya sa tatsuniyar da kaka ke yi da dare da kacici-kacici suke cikin kayan karatu ko da ba a rubuta su a manhaja ba.

Ambaliyar 1976

A Sakkwato ne Janar Yakubu Gowon ya yi shelar shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a watan Janairu na 1974, aka kuma fara shi a watan Satumba na 1976 a zamanin Janar Obasanjo, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato daga Jihar Arewa maso Yamma. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a ƙasa baki ɗaya, sai kimanin miliyan 3 suka fito. Niyyar mai kyau ce, kuma ƙauyuka da yawa na ƙasar Kebbe da Kuchi da Sanyinna da Jabo a lokacin ne suka fara ganin ginin makaranta. Mutane da dama da suka zama likitoci da alƙalai daga yankinmu, ba don shirin ba da ba su taka aji ba. Wannan gaskiya ce da ba mai musunta.

To, amma ni na ga ɗaya fuskar da idona. Da na gama sakandare, kafin in sami aikin ofis, an ɗauke ni malamin wucin gadi a 1978 aka tura ni wani ƙauye can cikin ƙasar Kebbe, nesa da babbar hanya. Ban taɓa yin ko kwana ɗaya na horon koyarwa ba. Da na isa, hedimasta ya dube ni ya ce, "Tun da kai ne sabo, sai ka riƙe aji ɗaya." A nan kuskuren yake, kuma har yau ana yin sa: ajin da ya fi kowane wuya shi ake ba wanda ya fi kowa ƙarancin sani, gwanaye a kai su aji shida saboda jarrabawa. Yara fiye da saba'in na samu, daga ɗan shekara biyar har mai goma sha ɗaya, wasu Fulani ne da ba su jin Hausa sosai. Na yi abin da na ga ya fi sauƙi: in rubuta A, B, C a allo da sunayensu na Turanci, in faɗa su amsa da ƙarfi. Ajin yana ta amo, mai wucewa ya ce ana karatu. Ƙarshen shekara na kira su ɗaya-ɗaya, waɗanda suka iya karanta kalma mai gaɓa biyu ba su kai goma ba, kuma da na bincika duk 'yan makarantar allo ne da suka wuce farfaru. Sauran duka aka ciyar da su gaba zuwa aji biyu, domin wasu saba'in na jiran wurin. Na daɗe ina jin nauyin yaran nan a raina. Sunan harafi na Turanci na koya musu, ban koya musu sautinsa ba. Yaron da aka ce masa wannan "bi" ne wannan "e" ne, ta yaya zai haɗa su ya sami "ba"?

Abin da ya ɓace a wannan ambaliya shi ne ƙa'idar nan ta kada a wanke allo sai an iya. Damina ta zo yara su tafi gona, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da wasu mako biyu, wanda ya zo ba kuɗin tara ba ɗumame a ciki ya yi ta gyangyaɗi, manhaja kuwa tana tafiya ba ta jiran kowa. Yaron da aka bari a baya a wata na uku, a baya zai zauna har ya gama ko ya gudu.

Batun harshe da abin da aka gano daga baya

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa a shekarun farko na firamare. Kafin nan, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. A takarda ke nan. A aikace, iyaye da yawa, har da mu ma'aikata, mun ɗauka makaranta mai kyau ita ce wadda ɗan shekara biyar zai dawo yana gaisuwa da Turanci. An sake ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a nan Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, aka yi masa doka a 2004, an gina azuzuwa, amma da aka gwada karatun Hausa na 'yan ƙananan azuzuwa a jihohin Sakkwato da Bauci a 2013, yaro ɗaya-ɗaya ana ba shi ɗan gajeren labari, sai aka tarar mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Abin da na gani a ajina a 1978 ke nan, wannan karon da alƙaluma.

Bayan haka ne, a ƙarƙashin wani shiri da Amurka ta tallafa daga 2015, aka fito da littattafan Mu Karanta domin aji ɗaya zuwa uku, kuma gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a ƙarshen shekarar. Na karɓi littafin aji ɗaya na duba. Sauti ne da farko, sannan harafi, sannan gaɓa, sannan kalma, sannan ɗan labari. Malam ya yi, a yi tare, yaro ya yi shi kaɗai. Na yi murmushi, domin babbaƙu da farfaru da haɗɗatu ne suka je suka zagayo duniya suka dawo mana da bango mai launi. Ban faɗi haka don raini ba. Littafin yana da kyau, kuma ya ƙara abin da allo ba shi da shi, wato tambayar yaro me ya fahimta. Matsalar ita ce tallafin waje yana da wa'adi, littafi yana yagewa, malamin da aka horar ana yi masa canjin wuri. A matakin tarayya kuma magana ba ta tsaya wuri ɗaya ba: a 2022 an amince da koyarwa da harshen uwa har aji shida, a watan Nuwamba na 2025 kuma ministan ilimi ya ba da sanarwar soke wannan a koma Turanci. Ni dai ra'ayina a fili yake. Yaron Romo ko Ungushi da bai taɓa jin Turanci a gida ba, in aka haɗa masa koyon karatu da koyon sabon harshe a shekara ɗaya, an ɗora masa kaya biyu, kuma yawanci duka biyun yake zubarwa. Wanda ya iya karatu da Hausa, Turanci baƙaƙensa ɗaya ne, sai dai ya koyi ƙa'idojinsa.

Jikan nawa kuwa, na share wuri a zaure na zuba rairayi, bayan la'asar mukan zauna kamar rabin awa. Da wasulla biyar muka fara, sannan baƙi ɗaya a kowace rana biyu, ba na ƙara masa sai ya iya na baya. Ƙanwarsa da ba ta isa makaranta ba takan zauna a gefe tana zana nata. A mako na tara ya tsaya gaban buhun nan ya ce shin, ka, fa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Kaka, ai shinkahwa ce!" Na bar shi da hwa ɗinsa. Har yanzu yakan juya b da d in ya gaji. Da na je na gaida malamar ajinsu na gaya mata abin da muka yi, ta saurare ni da ladabi, sannan ta buɗe rajista ta nuna mini sunaye ɗari da 'yan kai, ta ce, "Baba, ni kaɗai ce a kansu, kuma ni ke riƙe da aji ɗaya in an tashi tara."